Bututun Najasa Ya Fashe, An Ci Tara: Wa Ya Biya Kuɗin Magani?

Mai karatu, aikina harhaɗa magunguna ne da bayar da su a asibiti, kuma tagar da nake zama a bayanta ita ce zangon ƙarshe na mai jinya kafin ya koma bakin gadon mara lafiyarsa. Duk shekara idan damina ta kankama ba na buƙatar duba kalanda, takardun da ake miƙo mini su ke sanar da ni: ruwan gishiri da sukari, ƙwayar zink, ledojin ƙarin ruwa, sai magungunan kashe ƙwayoyin cuta. A daminar da ta wuce wata baiwar Allah ta miƙo mini takardu uku a haɗe, biyu na 'ya'yanta, ɗaya ta surukarta. Na lissafa mata kuɗin, ta kwance bakin zaninta ta ƙirga abin da ke ciki, sannan ta ɗago kai ta ce, "Likita, a cikin ukun nan wacce ce za ta iya jira zuwa gobe?" Da na ja ta da hira, ashe masai ne ya yi ambaliya cikin kwatar layinsu, bututun famfonsu kuwa a cikin kwatar yake kwance, an ɗaure inda ya tsage da tsohuwar roba. Gidaje da dama sun kwanta a makon nan, kuma ba a tuhumi kowa ba.

Tambayar matar nan ce ta sa yau zan ajiye zancen yadda ake shan magani, in yi magana a kan bututun najasa da tarar da ake ci idan ya fashe. Matsayina shi ne, tara a yadda ake yanka ta a yawancin wurare ta zama farashi mai rahusa da hukuma ke biya ta ci gaba da sakaci, kuma sau da yawa daga aljihun waɗanda aka zuba wa ƙazantar ake ciro kuɗin. Zan kafa maka hujja da ƙasashen da ake yi mana kwatance da su, domin idan tsarin ya gaza a inda ake da kuɗi da kotuna da injiniyoyi, bai kamata mu kwafo shi ido rufe ba.

A manyan biranen duniya ba kowane gida ke da ramin masai ba. Ruwan banɗaki da na wanka da na wanke-wanke duk suna gangarawa cikin bututun da ke ƙarƙashin titi, ƙanana su zuba a manya, injuna su tura shi zuwa matatar da za ta tace shi kafin a sake shi cikin kogi ko teku. Bututun yana tsufa kamar kowane abu. Iskar da najasa ke fitarwa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana rikiɗewa ta zama asid ta riƙa cin ƙarfe da kankare daga ciki, saiwar bishiya tana kutsawa ta mahaɗa, maiƙo da tsummoki suna toshe hanya. Injiniyoyi sun san wannan sarai, suna da na'urar ɗaukar hoto da suke zurawa ciki su ga inda ya lalace. Saboda haka fashewar babban bututu ba ta cika zuwa babu gargaɗi ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dubi birnin Fort Lauderdale da ke jihar Florida ta Amurka, birnin masu hali da jiragen ruwa na shaƙatawa. A watan Disamba na 2019 babban bututun najasarsa, mai faɗin inci 54, ya fashe a unguwar Rio Vista, ƙazanta ta malale tituna ta gangara kogin Tarpon, kifaye suka yi ta mutuwa. Ana toshe nan can na ɓallewa, har zuwa Fabrairun 2020. Da aka yi jimla, galan miliyan 211.6 ne suka zube, wato kimanin lita miliyan 800. Idan kana son ka ga yawansa da idon zuci, ka ƙaddara jarkar ɗan garuwa mai cin lita 25 har guda miliyan 32, kowacce cike da ruwan masai. Hukumar kare muhalli ta jihar ta yanka wa birnin tarar dala miliyan 2.1. Raba wannan da wancan, za ka ga kowane galan na najasa ya tashi a kan kusan santi ɗaya.

Ƙanƙantar kuɗin ma ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Hukumar birni ba ta da gona, ba ta da gado, duk abin da ke baitulmalinta na mazauna birnin ne. Dokar jihar ta ba da zaɓin a yi aikin gyaran muhalli a madadin biyan tsabar kuɗi, amma ko wanne aka ɗauka, mutumin da najasa ta kwanta a ƙofar gidansa shi ne zai biya ta hanyar haraji da kuɗin ruwa. Sannan kuma, a shekarun da suka gabaci fashewar, shugabannin birnin sun kwashe fiye da dala miliyan 100 daga asusun ruwa da najasa suka zuba a wasu hidimomin kasafin kuɗi. Mutane sun biya kuɗin gyara, aka karkatar da shi, bututu ya fashe a kansu, sannan aka ci su tara. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Bayan abin kunyar ya bazu a duniya, birnin ya shimfiɗa sabon bututu mai tsawon kusan mil 7 a kan kimanin dala miliyan 65, aka kammala a 2021. Ashe aikin mai yiwuwa ne tun farko, niyya ce babu.

Kana iya cewa to a ƙara kuɗin tarar mana, ta yi zafin da za ta tsoratar. Mu leƙa Ingila, inda kamfanoni masu zaman kansu ke riƙe da ruwa da najasa tun 1989. A watan Yulin 2021 wata kotu a Canterbury ta ci kamfanin Southern Water tarar fam miliyan 90, bayan ya amsa laifuffuka 51 da suka shafi sakin ɗanyar najasa sau 6,971 daga wurare 17 tsakanin 2010 da 2015, cikin ruwan da ake iyo ake kuma kiwon kawa ta ci. Kotu ta samu cewa da gangan aka yi. Abin lura a nan shi ne, kafin wannan shari'a kamfanin yana da tarihin laifuffuka da gargaɗi har 168 a kansa, kuma babu wanda ya hana shi ci gaba. Wanda ya zauna da alƙalami ya ga cewa kuɗin tace najasa ya fi kuɗin tara, ga kuma yiwuwar ba za a kama shi ba, to lissafi zai kai shi ga buɗe bututu cikin teku. Kamfani ne ya gurfana, shugabanninsa kuwa babu wanda ya kwana a gidan yari. Sai a 2025 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba da ikon hana shugabannin irin waɗannan kamfanoni garaɓasar ƙarshen shekara, da ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga wanda ya yi wa bincike zagon ƙasa. A ganina wannan ikirari ne cewa tarar da ba ta taɓa jikin mai yanke shawara ba, ba ta gyara halinsa.

Tarihin ƙasar ma ya riga ya koyar da haka. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta Landan, likita John Snow ya bi diddigi ya gano famfon titin Broad ne tushenta, daga baya aka ga ramin masai na yoyo dab da rijiyar. Talakawa sun mutu, amma ba a tashi gina manyan magudanan najasa ba sai bayan zafin 1858, lokacin da warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a zaurensu da ke bakin kogin. Cikin 'yan makonni suka amince da kuɗi, injiniya Joseph Bazalgette ya kama aiki. Da ɗoyi ya shiga hancin masu mulki, nan da nan aka samo kuɗin da aka ce babu.

Yanzu bari in koma fagen da na fi sani, in gaya maka abin da takardar tara ba ta lissafawa. Ana auna ɓarnar da galan da yawan kifin da ya mutu, alhali a cikin ruwan nan akwai ƙwayoyin kwalara da taifot da atuni, da masu kawo ciwon shawara, da ƙwan tsutsar ciki. A inda ruwan sha ke da kariya, kamar Florida, abin yakan tsaya ga rufe wuraren iyo da asarar masunta. A inda kariyar ta rushe, gawa ake ƙirgawa. A Zimbabuwe tsakanin 2008 da 2009, bututun najasar Harare da Chitungwiza sun yi ta fashewa ba gyara, ruwan famfo ya ɗauke, mutane suka koma haƙa rijiyoyi marasa zurfi a ƙasar da ta jiƙe da ƙazanta. Kwalara ta kama mutum fiye da 98,000 a faɗin ƙasar, ta kashe fiye da 4,000. Shekara 10 bayan haka, a Satumbar 2018, ta sake ɓarkewa a unguwannin Glen View da Budiriro na Harare, inda najasar fasasshen bututu ta gurɓata rijiyoyin da ake sha. A wannan karon gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta bijire wa siprofuloksasin da seftriyakson, magunguna biyu da nake bayarwa kusan kullum.

Wannan bijirewa ita ce ke hana ni barci. Magudanar najasa mahaɗa ce ta ƙwayoyin cuta daga cikin dubban mutane, tare da ragowar magungunan da jiki ya fitar ta fitsari da bayan gida. A can suke cuɗanya, suna miƙa wa juna dabarar jure magani, kuma idan bututu ya fashe waɗanda suka fi taurin kai su ke dawo mana cikin randa. A 2016 wani nau'in taifot ya ɓulla a birnin Hyderabad na Fakistan, inda najasa ke kutsawa cikin ruwan sha, wanda ya ƙi jin tsofaffin magungunan taifot guda uku, ya ƙi jin dangin siprofuloksasin, ya ƙi jin seftriyakson. Cikin magungunan haɗiya azitromaisin kaɗai ya rage, in ya gaza sai allurai masu tsadar da talaka ba ya iya ko tambayar kuɗinsu. Babu alƙalin da zai iya yanka tarar da za ta dawo da ƙarfin maganin da ya mutu.

Na san za ka ce mu ina ruwanmu, tunda ban da wasu sassan Abuja da ɗaiɗaikun rukunin gidaje, garuruwanmu ba su da irin wannan bututu. Gaskiya ne ba mu da shi, amma najasarmu ba ɓacewa take yi ba. Kwata da lambatu da sokawe da motar kwasar masai su ne bututunmu, kuma a buɗe suke. Wanda ya san Kano ya san abin da rafin Jakara ke ɗauke da shi, ya kuma san akwai masu lambu da ke ban ruwa da shi. Bututun famfonmu kuma sau da yawa ta cikin kwata yake ratsawa, ga shi ruwa ba kullum yake zuwa ba. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa, ƙarfin da ke cikin bututun yakan faɗi, sai ya zuƙo dagwalon da ke kewaye da shi ta inda ya tsage, ranar da ruwa ya dawo a turo maka shi har cikin gida. A 2021 hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zaton kwalara ta kama, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Dokoki kuwa ba mu rasa ba. Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA ta tarayya domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli, jihohi suna da ma'aikatunsu, ƙananan hukumomi suna da duba-gari. Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata kotun tafi-da-gidanka takan ci mai shayi da ɗan adaidaita tara nan take. Amma ka tambayi kanka, sau nawa ka ji an gurfanar da jami'in da aka ba kuɗin yashe magudana bai yashe ba, ko wanda ya bar bututun ruwan sha kwance cikin kwata shekara da shekaru? Idan annoba ta ɓarke sai a hau rediyo ana yi wa talaka wa'azin wanke hannu. Wanke hannu wajibi ne, ni ma kullum ina faɗa, amma da wane ruwa? Ba na wanke mu daga laifi, domin mai zuba shara a lambatu da mai sakin bututun banɗakinsa cikin kwatar layi da dare sun san abin da suke yi, kuma hukunci ya dace da su. Abin da nake ƙi shi ne dokar da ke da ido a kan ƙarami ta makance a kan babba.

Masu kare hukumomi suna da hujja guda da ya kamata a saurara. Sukan ce idan ka ƙwace kuɗi daga hannun hukumar da ke kukan rashin kuɗin gyara, ka ƙara nisanta ta da gyaran. Na yarda da rabin maganar, kuma ita ce ma dalilin da ya sa nake cewa a sauya fasalin hukuncin. Da farko, a wajabta sanar da jama'a cikin sa'o'i kaɗan da zarar najasa ta ɓalle, ta rediyo da saƙon waya da bakin masu unguwanni, a faɗi layukan da abin ya shafa, a kai musu tsaftataccen ruwa da sinadarin kulorin, ɓoye labari kuma ya zama laifi mai zaman kansa wanda ya fi na fashewar nauyi. Na biyu, duk kuɗin da aka ci ya tsaya a wurin da aka yi ɓarnar, a gyara bututun, a gwada rijiyoyin unguwar, a biya wa waɗanda suka kwanta kuɗin magani, tare da wa'adin da kotu za ta riƙa bibiya. Na uku, a bambanta tsautsayi da sakaci. Bututun da ambaliyar da ba a saba gani ba ta fasa daban, wanda injiniya ya rubuta rahoto a kansa aka jefa a durowa daban, kuma a na biyun mutumin da ya sa hannu aka karkatar da kuɗin shi zai amsa da sunansa, da muƙaminsa, da aljihunsa. Na huɗu, kuɗin ruwa da na tsafta su zauna a asusun da ba a taɓawa don wata hidima, a kuma riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita kowa ya gani.

Kafin a kai ga haka, ga abin da ke hannunka. Idan ka ga najasa ta malalo a layinku, ko ruwan famfo ya sauya launi ko wari, musamman na farko bayan ɗaukewa, kada a sha sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa kulorin gwargwadon umarnin da ke jikin kwalbar a jira minti 30. A hana yara wasa a ruwan da ya kwanta. Mai shirin haƙa rijiya ya nisanta ta da masai da aƙalla mita 30, kuma kada ta kasance a gangaren masan. Idan gudawa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a dama ƙunshin da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu na kanti, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa. Yaron da ya haura wata 6 a ba shi zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, wanda bai kai ba miligiram 10, kuma kada a daina shayarwa. Idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko idanu suka faɗa, ko mara lafiya ya kasa sha, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, domin kwalara tana iya kisa cikin sa'o'i. Ina kuma roƙonka ka daina zuwa kemis kana cewa a haɗa maka Flagyl da kafso don kowace gudawa. Yawancinta ba ta buƙatar su, kuma duk shan da ba bisa ƙa'ida ba horo ne kake ba ƙwayar cutar da za ta dawo ta magudana.

Matar nan kuwa, na kira likitan da ya rubuta takardun muka sake dubawa tare, muka fara da abin da ba ya jira, sauran ta kawo kuɗinsa washegari bayan ta sayar da akuyarta. Duka ukun sun tashi. Da za ta tafi na ce ta adana rasit ɗin, ta yi dariya ta ce wa zai biya ta. Ban da amsar da zan ba ta a ranar, amma kai ina ba ka shawarar da na ba ta. Ku ɗauki hoton wurin da ya fashe da kwanan wata, ku rubuta gidajen da suka kwanta, ku tara rasit ɗin magani, ku kai wa mai unguwa da kansila da ma'aikatar muhalli a rubuce, ku karɓi shaidar cewa an karɓa, kwafi ɗaya kuma ya tafi gidan rediyo. Ranar da aka zo yanka tara, ko aka zo neman ƙuri'a, ya zama akwai takardar da ke nuna nawa layinku ya riga ya biya.